Me Ya Sa Jirgin Filafilai Ke Ƙin Jin Magana a Ribas?

Duk wanda ya taɓa zama a tashar ƙananan jirage da yamma, lokacin da masu yawon teku ke dawowa, ya san inda idon jama'a yake komawa. Yana komawa kan mutumin da ya ƙudura zai shiga gurbinsa da baya. Sau da yawa gwani ne. Ya yini yana wasa da iska da filafilai, raƙuman ruwa ba su sa shi ya ji ko ɗar ba. Amma da ya naɗe filafilan ya tada inji ya sa ribas, sai jirgin ya zama kamar na aro. Ya murɗa dama, jirgi ya yi hagu. Ya ƙara murɗawa, jirgi ya yi kunnen uwar shegu. Can kuma, ba zato ba tsammani, sai ya amsa gaba ɗaya, ya nufi jirgin maƙwabci.

Tushen matsalar shi ne mota da muka saba da ita. A mota taya tana riƙe da kwalta, ko kana rarrafe ko kana gudu, in ka juya sitiyari sai ta bi. Jirgi ba abin da yake riƙe da shi. Abin da ke juya shi wani allo ne da ke tsaye cikin ruwa a ƙarƙashin ƙeyarsa, mu kira shi allon juyi. Allon nan ba shi da wani ƙarfi na kansa. Sai ruwa ya gudana a jikinsa sannan yake iya tura ƙeya gefe. Jirgin da ke tsaye cik, ko ka murɗa allonsa har ƙarshe, daidai yake da wanda ya buɗe ƙofa ya rufe a cikin ɗaki.

Kafin mu yi nisa, mu daidaita harshe. Gaban jirgi shi ne goshi, bayansa ƙeya. Idan aka ce hagu ko dama, ana nufin hagu da daman mutumin da ke fuskantar goshi, kuma ba sa canzawa ko da ka juya kana kallon baya. Wannan ƙa'idar tana da amfani a nan fiye da ko'ina, domin rabin rikicin ribas daga juyawar matuƙi yake farawa.

To me ya sa in za a yi gaba ba a ganin wannan matsalar? Saboda a yawancin jiragen da ke da inji a ciki, farfela, wato fankar da inji ke juyawa cikin ruwa don tura jirgi, tana gaban allon juyi. Da ka sa giyar gaba, farfela ta watso ruwa da ƙarfi kai tsaye a kan allon, tun jirgin bai motsa ba. Allo ya samu abin da yake buƙata, ƙeya ta goce nan take. A ribas kuwa ruwan da farfela ke turawa gaba yake yi, ƙarƙashin cikin jirgi, ya bar allon a baya ba komai sai ɗan ruwan da ake zuƙowa, wanda bai taka kara ya karya ba. Ke nan allon ba zai fara aiki ba sai jirgin da kansa ya soma tafiya da baya har ruwa ya riƙa wucewa ta jikinsa.

Kuma ƙarfin allon ba ya hawa daidai da gudu, ninkawa yake yi. In gudu ya ninka biyu, ƙarfin da ruwa ke yi a kan allo ya ninka huɗu. In ya ninka uku, ƙarfin ya ninka tara. Ma'aunin gudu a ruwa shi ne not, kuma not ɗaya daidai yake da kilomita 1.852 a awa, wato ƙasa da tafiyar mutum a ƙafa. A rabin not allon kusan kurma ne. A not 2 ya fi yadda yake a rabin not ƙarfi sau goma sha shida. Wannan lissafin shi ne ke bayan abin da muka gani a tashar: shiru, shiru, sannan amsa ta zo a guje.

Da a ce jirgin zai tsaya ya jira allonsa ya farka, da sauƙi. Amma a wannan ɗan tsakanin akwai mai mulki, ita ce farfela. Farfela ba gaba da baya kaɗai take turawa ba, tana kuma jan ƙeya gefe guda. Ni harbin farfela nake kiransa, domin kamar harbin jaki yake, a gefe yake zuwa, kuma ga wanda bai san halin dabbar ba, ba sallama. Farfela iri biyu ce. In ka tsaya a bayan jirgi kana kallonta, jirgin yana giyar gaba, ka ga tana juyawa yadda hannun agogo ke yi, to badamiya ce. Irin wannan a ribas takan juya akasin agogo, ta ja ƙeya hagu. Bahaguwa kuma ta ja ƙeya dama. Hanya mafi sauƙi ta tunawa ita ce ka ɗauka farfelar taya ce da ke birgima a ƙasan teku: inda juyinta zai kai taya, can zai kai ƙeya.

Akwai bayanin da ya yaɗu cewa wai ruwan ƙasa ya fi na sama nauyi, shi ya sa fiffiken da ke ƙasa ya fi cizo. Ban yarda da shi ba, domin ruwa ba ya matsuwa yadda iska ke yi, kuma tazarar da ke tsakanin fiffiken sama da na ƙasa a ƙaramin jirgi ba ta wuce kamu biyu ba. Dalilan da suka fi ƙarfi guda biyu ne. Na farko, ruwan da farfela ke turawa a murɗe yake fita, kamar igiyar da aka tufka. A ribas wannan murɗaɗɗen ruwan yana komawa ƙarƙashin jirgi, sashensa na sama ya bugi cikin jirgin ta gefe ɗaya, na ƙasa kuma ya wuce salin alin ba abin da ya tare shi. Bugun nan shi ke tura ƙeya. Na biyu, sandar da ke juya farfela ba a kwance take ɗoɗar ba, a karkace take gangarowa daga inji. Saboda haka fiffiken da ke hawa da wanda ke sauka ba sa yankar ruwa da kusurwa ɗaya, ɗaya ya fi ɗaya ja. Shi ya sa jiragen da injinsu ke da ƙafa mai sauka kai tsaye ta cikin jirgi, farfelarsu a kwance kuma can ƙasa nesa da jiki, harbinsu bai kai na masu karkatacciyar sanda ba.

Ba sai ka nutse ka duba farfela ba kafin ka san halin taka. Jirgi yana ɗaure da kyau a dakali, wato gefen tasha inda jirage ke jingina, ka sa ribas, ka ɗan ba shi wuta, ka leƙa gefe da gefe. Ta inda ka ga ruwa ya fi tafasa yana fitowa daga ƙarƙashi, ƙeya ɗaya gefen za ta yi. Ruwa ta dama, ƙeya hagu. Minti ɗaya ya isa, amma za ka yi mamakin yawan masu hayar jirgi da ke kwance igiya ba su yi wannan gwajin ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu a haɗa biyun a ga yadda lokaci ke raba mulki. Daƙiƙun farko bayan ka sa ribas na farfela ne ita kaɗai. In jirgi ya fara ja da baya, allo ya soma sa baki, suna jayayya. In gudu ya kai wani mataki, allo ya rinjaye ta, jirgi ya dawo hannunka. Duk dabarar ribas ita ce ka gajarta wancan lokacin na farko. A nan ne tsoro ke cutar da sabon matuƙi. Yana ganin wuri ya ƙure, sai ya bar inji a silo, yana cewa sannu ba ta hana zuwa. A nan tana hanawa. A silo farfela tana ta harbi, jirgi kuma bai samu gudun da zai tada allo ba, sai ya yi ta kewaya a wuri ɗaya har ya gindaya a hanya.

Abin da ya fi shi ne ka ba shi wuta sosai na ɗan lokaci, har ka ga ruwa ya fara wucewa ta gefen jirgi, sannan ka mayar da giya firi. Da farfela ta daina juyawa, harbi ya ƙare. Jirgi mai tsawon mita 9 yakan kai tan 4, nauyin nan ba ya tsayawa da wuri, zai ci gaba da sulalewa, kuma yanzu allo ne kaɗai ke magana. In ka ji gudu ya fara mutuwa, ka sake sa ribas kaɗan, ka sake cirewa. Da yake jirgin ya riga ya kama hanya, harbin na biyu ba zai yi tasirin na farko ba. Wannan sa-ka-cire ɗin shi ne abin da mai kallo daga dakali ba ya lura da shi a hannun gwanaye. Yana jin inji ya yi gurnani ya yi shiru, ya ɗauka ba su yanke shawara ba ne.

Tun da ka san ƙeya za ta goce a farkon tashi, sai ka biya kuɗin tun kafin a tambaye ka. In taka hagu take yi, kafin ka tsaya ka karkata jirgin yadda ƙeyar za ta kalli dama da inda kake so, ta yadda in harbi ya gama aikinsa ta dawo daidai kan layi. Kuma kada ka fara ribas a bakin gurbi. Ka fara daga nesa, a fili, inda gocewar farko ba za ta taɓa kowa ba, ka shigo lungun jirage da bayanka kana da cikakken iko. Ribas mai tsawo ya fi gajere sauƙi, ko da yake ido ba ya yarda da hakan.

Sai riƙon abin tuƙi. Mai sitiyari ya huta: ya zagayo ya tsaya a gaban sitiyarin yana fuskantar ƙeya, ya tuƙa kamar mota, inda ya kai saman sitiyari can ƙeya za ta nufa. Ƙananan jirage kuwa galibi sanda ce da su, wadda ke haɗe kai tsaye da kan allo, kuma ita ce ke rikita mutane, domin in ka tura sanda dama, allo hagu yake yi. Ka daina tunanin hagu da dama gaba ɗaya. Ka fuskanci baya, ka ɗauka sandar da allon bindiga ce guda ɗaya: sanda ita ce gindin da ke hannunka, allo shi ne bakin. Inda ka saita bakin, can ƙeya za ta je.

Ko sanda ko sitiyari, kada ka sake shi ko na ƙiftawar ido. In ana tafiya gaba, ruwa yana fara taɓa allo ta wajen ƙarfen da yake juyawa a kai, faɗinsa yana biye a baya, don haka in ka saki sai ya nemi komawa tsakiya. A ribas abin ya juye. Faɗin allon ne ke shiga ruwa da farko, kamar ƙofar da aka buɗe tana fuskantar guguwa. Da ya ɗan karkata, ruwa ya kama shi ya nemi maka shi har ƙarshe. Ka tuna lissafin ninki: a not 3 fizgar nan ta isa ta ƙwace sanda ta doke ka a cinya ko haƙarƙari, ko ta juya sitiyari ta murɗe maka yatsu, ko ta lalata abin da ke tokare allon. Saboda haka gudun ribas yana da iyaka ta sama kamar yadda yake da ta ƙasa. Gudun da ya isa allo ya ji, shi ke nan.

Murɗawa kuma kaɗan-kaɗan. Allon da aka karkata fiye da kima ba ya juya jirgi, birki yake zama, ya kashe gudun da ka sha wahalar samu. Ka karkata shi kaɗan ka jira. Amsar tana makara a ribas, kuma in ta zo ba ta son tsayawa, don haka tun ƙeya ba ta kai inda kake so ba ka fara mayar da allo tsakiya. Mai jiran sai ya ga ta kai, zai wuce, ya gyara, ya sake wucewa, ya bar sawun maciji a bayansa.

Akwai abin da mai kallon baya ke mantawa: goshi. Jirgi yana juyawa ne a kan wani wuri a jikinsa, kamar yadda ƙofa ke juyawa a kan hinjinta. In ana gaba, wurin nan yana kusa da goshi, wajen kashi ɗaya cikin uku na tsawon jirgi, shi ya sa ƙeya ce ke sharar fili. A ribas yakan koma kusa da ƙeya, sai goshi ya zama shi ne mai shara. Kana can ka ƙura wa gurbi ido kana jin daɗin yadda ƙeya ke shiga, goshinka yana can yana lilo zai kwashi ƙarfen jirgin wani. Waiwaye a nan wajibi ne.

Duk wannan a ranar da ba iska ke nan. In ta taso, an samu mai mulki na uku. Goshin jirgin filafilai yana da tsayi a saman ruwa, ga naɗaɗɗen filafili a kansa, amma abin da ya nutse a ƙarƙashinsa kaɗan ne. Daga tsakiya zuwa baya kuwa akwai kil, wato faffaɗan ƙarfe ko dalmar da ke rataye a ƙasa tana hana jirgi kifewa, ga allo, ga farfela, duk suna riƙe da ruwa. Don haka iska goshi take fara ɗauka ta tura shi inda take zuwa, ƙeya kuma ta juya ta fuskanci inda iskar ke fitowa. Masu sana'ar kan ce ƙeya tana neman iska. Wannan ya sa ribas mafi daɗi shi ne wanda kake ja da baya kana shiga cikin iska: jirgin da kansa yake miƙewa, kamar tuta a jikin sanda. Mafi wuya shi ne iska ta gefe, musamman in ta haɗa baki da harbin farfela suna juya jirgi waje guda. In ka ga haka, kada ka yi gardama da su. Ka nemi wata kusurwar shiga, ko ka shiga da goshi, ba wanda zai ci ka tara. In kuwa suna adawa da juna, iska na tura goshi ta nan, harbi na jan ƙeya ta yadda zai soke ta, ka samu ranar sa'a.

Gudun ruwa, a kogi ko inda teku ke cika tana janyewa, labarinsa ya ɗan bambanta. Allo bai san dakali ba, ruwan da ke wuce shi kawai ya sani. In ka ja da baya kana fuskantar kwararar ruwa da ƙeya, za ka iya samun cikakken iko alhali a ido kusan a tsaye kake.

Ba duk jirage ne ke da hali ɗaya ba, kuma adalci ne a faɗi haka don kada wani ya zargi hannunsa a banza. Jiragen zamani masu gajeren kil da allo mai zaman kansa suna bin ribas kusan kamar mota da zarar sun samu gudu. Tsofaffin ƙira masu dogon kil, wanda ya taso daga kusa da goshi har ƙeya, allo a manne a ƙarshensa, farfela a cikin wata 'yar taga tsakaninsu, waɗannan a teku ba su da na biyu wajen riƙe hanya, amma a ribas sai abin da suka ga dama. Maganinsu shi ne aron giyar gaba. Jirgi yana ja da baya, ƙeya ta fara gocewa hagu, sai ka sa firi, ka karkata allo hagu, ka ba da wuta gaba ta daƙiƙa ɗaya ko biyu. Ruwan farfela ya bugi allo ya harba ƙeya dama, kuma da yake bugun gajere ne, nauyin jirgi bai bar shi ya daina ja da baya ba. Ka koma ribas ka ci gaba. Haka za ka yi ta gyara masa zama har ku isa. Farfelar ma tana da nata: irin mai naɗe fikafikai, wadda ake so don ba ta jan ruwa in ana tafiya da iska, juyawa ce ke buɗe ta, don haka a ribas sai an ba ta wuta sosai kafin ta ciza. Wanda bai sani ba zai sa ribas a hankali yana jiran birki, jirgi kuma yana ta matsar dakali.

Harbin da muke ta kuka da shi yana da ranarsa. Mai farfela badamiya in zai jingina da dakali, ya zaɓi gefen hagu: ya shigo a ɗan karkace, ya sa ribas don tsayawa, harbi ya kwantar masa da ƙeya a jikin dakali kamar da hannu. Haka in lungu ya ƙure yana so ya juya. Ya murɗa allo dama har ƙarshe ya bar shi a nan. Wuta gaba kaɗan, goshi ya yi dama, ƙeya hagu. Kafin jirgi ya fara tafiya, ribas, harbi ya ci gaba da jan ƙeya hagu. Gaba, baya, gaba, baya, ba tare da taɓa allo ba, tunda jirgin bai taɓa samun gudun bayan da allon zai yi aiki ba. Zai juya a fili da bai fi tsawonsa da yawa ba. In ya gwada juyawa ta hagu kuwa, harbi zai riƙa warware masa duk abin da ya ɗinka.

Masu ƙananan jirage na mita 6 ko 7, waɗanda injinsu ratayawa ake yi a ƙeya, suna da gatan da manya ba su da shi: injin da kansa yana juyawa. In ka karkata shi, farfela tana jan ƙeya kai tsaye inda ta kalla, ba sai an jira gudu ba. Hannun injin da sandar allo ƙa'idarsu ɗaya, don haka ka tura su waje guda a tare. Sai dai a kula da abu uku. Akwai makullin da ke hana injin ɗagowa, in ba a sa shi ba, da ka ba da wuta a ribas sai ƙafar injin ta yi tsalle ta fito daga ruwa tana ihu a banza. Allon da ke rataye kusa da inji kuma yana iya haɗuwa da farfela in aka murɗa su saɓanin juna, ta sassaƙe shi. Sannan yawancin irin waɗannan injuna ta tsakiyar farfela suke fitar da hayaƙi, a ribas kumfar hayaƙin tana komawa cikin fikafikai ta rage musu cizo, shi ya sa birkinsu bai kai yadda ƙarar ke nunawa ba. Mafi ƙanƙantansu ma ba su da giyar ribas sam, juya injin ake yi gaba ɗaya ya kalli baya.

Tsakanin gaba da ribas, kowane irin inji ne, ka tsaya a firi har ƙarar ta sauka silo kafin ka wuce. Giya ba ta yafe fizga. Kuma kafin ka taɓa ribas ka duba ruwa. Na taɓa jan ɗan kwalekwalen roba a baya da doguwar igiya, na shigo tasha na manta da shi. Da na sa ribas igiyar ta saki ta nutse, farfela ta zuƙe ta, inji ya yi tari ɗaya ya mutu. Ga iska, ga jiragen mutane, ga ni ba inji ba filafili. Anka, ƙarfen nan mai nauyi da ake jefawa ƙasan ruwa ya riƙe jirgi, ita ce ta fitar da ni kunya, sai kuma awa guda a cikin ruwa da wuƙa. Tun ranar nake ɗaure kwalekwale a gefe, gajere, kafin in shiga kowace tasha. Kuma in abu ya ɓaci, kada kowa ya sa hannu ko ƙafa tsakanin jirgi da dakali. Matashin roba da ake ratayawa a gefen jirgi aka yi don wannan, tan 4 ba ya jin ƙashi.

Wani lokaci matsalar ba shiga ba ce, fita ce, iska ta manne ka a dakali, jirgi a gabanka jirgi a bayanka. A nan igiya ce ke yin abin da allo ya kasa. Ka ɗaura ta a goshi, ka kai ta baya ka zarga a ƙarfen dakali wajen tsakiyar jirgi, ka dawo da bakinta hannun wanda ke goshi. A sa matashin roba a goshi. Ka sa giyar gaba a hankali, ka murɗa kamar za ka shiga cikin dakalin. Igiya ta hana jirgi gaba, ruwan farfela ya bugi allo, ƙeya ta buɗe waje. In ta buɗe sosai, fiye da yadda kake ganin ya isa domin iska za ta karɓi rabonta, sai firi, a zare igiya, ribas da ƙarfi.

Inda ribas ya zama abincin yau da gobe shi ne Bahar Rum. A tashoshin Girka da Turkiyya da Kuroshiya jirage da ƙeya suke jingina da dakali, a jere kamar haƙora. A wurare da yawa, musamman tsibiran Girka, sai ka jefa anka a nesa, tsawon jirgi uku ko huɗu daga dakali, ka ja da baya ana sakin sarƙa. Sarƙar tana taimako, tana riƙe goshi kada iska ta ɗauke shi. Amma in wanda ke goshi ya riƙe ta da wuri, jirgi ya tsaya a tsakiya, gudu ya mutu, allo ya kurmance, an koma daƙiƙar farko, wannan karon tsakanin jirage biyu da masu su a tsaye suna kallo.

Dokokin hana karo a teku, waɗanda aka amince da su a 1972 suka fara aiki a 1977, sun ɗauki jirgin filafilai da ke tafiya da inji a matsayin jirgin inji, ba shi da wani fifiko na masu tafiya da iska. A doka ta 34, gajeren busa ɗaya na nufin ina juyawa dama, biyu ina juyawa hagu, uku kuma injina yana aiki da baya. A lura da lafazin: ba a ce jirgina yana tafiya da baya ba. Waɗanda suka rubuta dokar sun san cewa tsakanin sa ribas da fara ja da baya akwai tazara, kuma a babban jirgi tazarar tana iya ɗaukar mintuna yana ci gaba da matsowa.

Wurin koyo shi ne fili, ranar da ruwa ya kwanta, kusa da wata alama mai iyo da ba kowa a wajen. Ka tsayar da jirgi cik, allo a tsakiya, ka sa ribas, ka ƙirga daƙiƙu nawa kafin ya fara jin allo, ka ga kuma nawa ƙeya ta goce kafin lokacin. Ka maimaita da wuta kaɗan, ka maimaita da wuta sosai, ka gwada bambancin. Sannan ka zana lamba 8 da baya, za ka tarar da'ira ɗaya ta fi ɗaya matsewa. In iska ta ɗan motsa da rana, ka sake duka daga farko, sau ɗaya tana bugun ƙeya, sau ɗaya tana bugun hagu, sau ɗaya dama, kana ƙoƙarin kawo ƙeyar ta tsaya kamu ɗaya daga alamar ba tare da ta taɓa ta ba.